A koya wa yaranmu masu kyamara ɗaukar haifalas

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka. Dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da ƴan uwana masu ɗaukar bidiyo, musamman mu na Kano da kusan duk aikinmu ya tsaya a biki da suna.

Akwai irin ɗaukar nan da zaka ga gajimare na gudu, mutane da ƴan adaidaita na wucewa fiu fiu, ita ce taim-las, to idan kuma kyamarar da kanta tana tafiya a cikin ɗaukar sai a ce haifalas. Da yawa cikinmu sun ɗauka sai da jirgi maras matuƙi ko kayan miliyoyi ake yinta, wallahi ba haka bane, ƙafa ce da haƙuri. Lissafin ma a fili yake, sakan ɗaya na bidiyo hoto 25 ne, kenan in kana son sakan 10 sai ka ɗau hoto 250, ka yi taku ɗaya ka danna, ka ƙara taku daidai da na farko ka sake dannawa, kuma dole ka kafe abu ɗaya a wuri ɗaya cikin allon kyamararka, kamar kan hasumiya ko kusurwar gini, in ka bari ya goce ko kaɗan to in an haɗa hotunan sai ka ga komai na rawa har ido ya gaji. Haske ma kai zaka saita da hannu, kar ka bar wa kyamara, in ba haka ba hoton zai rinƙa ƙiftawa.

Ni a Ƙofar Nassarawa na fara gwadawa bayan sallar asuba, sanyi na kaɗawa, na fi rabin awa ina taku ina dannawa, sai wani dattijo mai carbi a hannu ya tsaya yace "yaro me kake aunawa, rusau za a yi?" Na ce a'a Baba, na nuna masa wani da na haɗa a waya, ya daɗe yana kallo sannan yace in da an yi wa ganuwa irin wannan tun suna yara da yanzu jikokinsa sun ga yadda take. Maganar nan har yau tana raina, domin ni ma a idona na ga yadda ganuwar ke zaizayewa ana gini a kanta.

Wanda bashi da kyamara ma wayarsa ta isa, a 2014 Instagram suka fitar da manhajar Hyperlapse, duk da sun janye ta a 2022, yanzu kuma wayoyin Samsung da yawa na zuwa da tsarin ɗaukar haifalas a cikin kyamararsu, sai dai wadda ka ɗauka da kanka hoto-hoto ta fi kyau nesa ba kusa ba.

Roƙona Malam Edita, ku ware mana ko rabin shafi ne duk sati a rinƙa koyar da irin wannan da Hausa, don yawancin darussan da ke YouTube da Turanci suke, yaranmu kuma basira ba a magana. Ni dai bana in Allah ya kai mu Hawan Daushe, daga Ƙofar Kudu zan fara taku.

Naku, mai karanta ku kullum daga Fagge, Kano.