Kafin a ɗaure wa yaro akwati zuwa jami'ar ƙasar waje

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da 'yan'uwana iyaye, tunda mun shiga lokacin da sakamakon WAEC da NECO ke fitowa, gidaje da yawa kuma sun fara lissafin tura yara karatu waje. Ni malamin sakandare ne, kuma da yake an san 'yata tana karatun likita a Masar, duk wanda ya yi wannan niyya a unguwarmu sai ya biyo ta gidana. Tambayoyin ba sa canzawa: nawa ne kuɗin jirgi, wane eja ne ya fi saurin fito da biza, me za a zuba a akwati. Da wuya ka ji wanda ya tambaya ko takardar da yaron zai dawo da ita za ta yi masa aiki a Najeriya, alhali da wannan ya kamata a fara.

Ban ga laifin mai son tura ɗansa ba. Wanda ya ga yadda yajin aikin ASUU na 2022 ya zaunar da yara wata takwas a gida, kuma ya san wahalar samun gurbin likitanci a ABU ko BUK ko Ɗanfodiyo, ba zai yi mamaki ba. Amma ba kowace makaranta mai kyan gini a hoto ce gwamnatinmu ta yarda da ita ba. Masu karatu za su tuna binciken da ɗan jarida Umar Audu ya yi a ƙarshen 2023, inda ya samo digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida, har ya shiga bautar ƙasa da shi. A watan Janairun 2024 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo. Abin bai tsaya kan masu sayen takarda ba, ya shafi har yaran da suka zauna a aji suka yi karatunsu tsakani da Allah, iyayensu suka biya kuɗi da guminsu.

Saboda haka kafin a biya ko sisi, a tambayi ma'aikatar ilimi matsayin makarantar, sannan a tambayi hukumar da ke ba da lasisin wannan sana'a. Wanda ya karanta likitanci a waje ba ya taɓa marar lafiya a nan sai ya ci jarrabawar MDCN, hukumar da ke ba likitoci lasisi a Najeriya, kuma ba kowa ke tsallake ta a zama ɗaya ba. A 2022 hukumar ta fito ta ce ba za ta karɓi takardun makarantun likitanci na Yukren da suka koma koyarwa ta intanet saboda yaƙi ba. Mai karatun lauya ma idan ya dawo akwai kwas na share fage da zai yi a makarantar lauyoyi kafin ya haɗu da waɗanda suka yi a gida. Ma'aikatan jinya da masu harhaɗa magunguna da injiniyoyi kowa da tasa hukumar. Yaro ya san da wannan tun yana gida.

Sai maganar kuɗi, kuma nan ne nake ganin hawaye. Mutum zai sayar da gona ko fili ya biya shekarar farko, ya ce sauran Allah zai kawo. Allah shi ne mai kawowa, amma karatun likita shekara biyar ne ko shida, kuma da dala ake biya. A watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda ya yi lissafinsa da naira ya wayi gari kuɗin makaranta ya ninka sau uku, albashinsa ko cinikinsa yana nan inda yake. A Ingila an ga ɗalibanmu a jami'ar Teesside da aka ce su bar ƙasar a 2024 saboda sun kasa biya kan lokaci. Masu tallafin gwamnati ma ba su tsira ba, domin ɗaliban shirin BEA, wato tallafin karatu na yarjejeniya tsakanin Najeriya da wasu ƙasashe, da ke Rasha da Maroko da sauran ƙasashe sun yi ta kukan an yi watanni ba a biya su alawus ba, daga baya a 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rufe shirin. Shawarata ita ce a zauna da biro da takarda a rubuta kuɗin dukkan shekarun da dala, a haɗa da haya da abinci da sabunta iƙama da inshorar lafiya. Idan ba a ga ta inda kuɗin shekara ta uku zai fito ba, gara yaro ya sake zama JAMB. Wanda aka dawo da shi daga aji uku ba takarda, baƙin cikinsa ya fi na wanda bai tafi ba.

Game da eja, akwai na kirki, amma kuɗin makaranta a asusun makaranta ake sa shi, kuma a karɓi rasiti da sunan yaro. Wani maƙwabcina ya riƙe takardar shiga jami'a mai tambari da sa hannu, sai da muka rubuta wa jami'ar ta imel suka ce ba su san sunan ɗansa ba. Masar tana da shafin gwamnati na neman gurbi, ƙasashe da yawa ma haka, kuma yaron da ya gama sakandare zai iya cikewa da kansa.

Takardu kuwa ƙaramin abu ne ke ɓata su. Muhammad a WAEC, Mohammed a fasfo, Muh'd a NIN, ranar haihuwa iri biyu. A gida muna ɗaukar wannan ba komai ba, amma ma'aikacin ofishin jakadanci ba ruwansa, zai turo maka fayil ɗinka kawai. A gyara tun da wuri, a yi rantsuwar kotu idan ta kama, a kai takardu Abuja ma'aikatar ilimi da ta harkokin waje su buga tambari, a yi allurar shawara a karɓi katin nan mai ruwan ɗorawa.

Akwai abin da ban taɓa jin wani eja ya faɗa wa iyaye ba. 'Yata a Khartoum ta fara karatu. Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, 'yar jakar baya kawai ta fita da ita, aka zuba su a motoci zuwa iyakar Masar, suka yi kwanaki a hamada kafin a bar su su tsallaka. Littattafai da tufafi duk an bar su, wannan ba komai ba ne. Abin da ya raba yara bayan an dawo shi ne shaidar darussan da suka riga suka ci. Makarantu a rufe, ofisoshi ba kowa, wa zai ba ka? Ita mahaifiyarta ta saba matsa mata ta turo hoton sakamakon kowane zango, mai tambari, muna bugawa muna ajiyewa a ƙasan akwati tare da takardun gida. Da su aka karɓe ta a Masar, duk da haka sai da aka mayar da ita baya da aji ɗaya. Wasu ƙawayenta daga farko suka koma. Don haka kowane ɗalibi ya riƙa karɓar sakamakonsa zango-zango, ya tura gida, ya ajiye hoton fasfo da iƙama a imel, kuma ya yi rajista da ofishin jakadancin Najeriya da ƙungiyar ɗalibai da zarar ya sauka.

Shi kansa yaron a shirya shi. Ɗan shekara sha bakwai da bai taɓa dafa shinkafa ba, bai taɓa riƙe kuɗin wata ba, kuka da daddawar da aka ɗaure masa ba za su amfane shi ba. A Masar da Turanci ake karantar da likitanci, amma marar lafiya a asibiti Larabcin titi yake yi, wanda ko mai haddar Islamiyya sai ya sake buɗe kunne. Kuma don Allah a tambayi yaro ko likitancin nan shi yake so, ko mu ne muke so a kira mu baban likita.

Edita, ina roƙon jaridarku ta tura wakili ma'aikatar ilimi da hukumar MDCN, a samo bayanin yadda uba zai tantance makaranta kafin ya biya, a buga mana da Hausa. Gwamnatocin jihohin da ke tura ɗalibai Indiya da Masar da sauran wurare su ma a tambaye su ko sun ware kuɗin dukkan shekarun karatun, ko na shekarar farko kaɗai.

Na gode. Allah Ya ƙara wa jaridarku ɗaukaka.

Naku,
Wani malamin sakandare, daga Funtuwa