Ka Taya Ni Raɗa wa Kwikwiyo Suna

Fairbanks, Alaska
Disamba

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, da Hajiya da maiɗakinka da yara gaba ɗaya. Mu nan lafiya lau, sai sanyi. Shekaranjiya ma'aunin da ke jikin tagarmu ya sauka har 40 ƙasa da sifili, rana kuma ba ta yin awa 4 a sama, ta leƙo ta koma. Kana sallame azahar la'asar ta kawo kai, kafin ka naɗe darduma magariba ta yi.

Gyara zama ka ji labari: na yi kare. Eh, ni ɗin nan da karen maƙwabtanku ya sa na watsar da ƙwaryar furar Hajiya na haye katanga. Ka yi dariyarka ka gama, sannan ka saurari dalili.

Gidan da muka koma yana bayan gari, cikin itatuwa, kuma babu ruwan famfo. Da yawa a nan haka suke zaune, a ɗebo ruwa a jarka, a tara itacen hura wuta. Daga inda mota ke tsayawa zuwa ƙofarmu akwai 'yar tafiya a cikin ƙanƙara, ni nake jan kayan da igiya kamar jaki. Maƙwabciyarmu, wata tsohuwa mai kiwon karnukan jan kaya, ta gaji da ganina ina haki, da karyarta ta haihu sai ta ba ni ɗa guda, namiji. Irin da ake kira Malamut ne, sunan ya samo asali daga mutanen Mahlemut, wani reshe na Inufiyat, 'yan asalin arewacin Alaska, da ke wajen garin Kotzebue. Ba karen tsere ba ne, na ɗaukar nauyi ne. Namiji in ya girma yakan kai kilo 38, kuma tun 2010 jihar Alaska ta ɗauke shi a matsayin karenta na hukuma. Nawa makonsa 10, ruwan toka da fari, amma tafin ƙafarsa ya kusa cika hannuna. Akurkinsa na waje, na shimfiɗa masa ciyawa, ba ya shiga ɗaki, don haka kada Hajiya ta tayar da hankalinta. Na aiki ne. Gadi kam kada ma a yi zancensa, irinsu ko haushi ba su cika yi ba, ɓarawo in ya zo sai dai su raka shi da kaɗa wutsiya.

Abin da ya hana ni sakat shi ne suna. Sati biyu ke nan muna ce masa "kai", har ya fara amsawa.

Tsohuwar ce ta fara kawo shawara. Ta dubi ƙafafunsa ta ce a sa masa Moose, sunan wata ƙatuwar dabbar dajin nan mai ƙaho kamar reshen bishiya. Da ta kira shi da ƙarfi, abin da ya shiga kunnena Musa ne. Na ce mata sam. Na yi ta bayani cewa sunan Annabi ne, kuma sunan kawuna ne, kuma a wurinmu in kana son gaba ta har abada da mutum to ka sa wa karenka sunansa. Ta yi mamaki ƙwarai, don su a nan girmamawa ce. Akwai wanda muke aiki tare da ya sa wa karensa sunan kakansa da ya rasu, yana faɗa idonsa na kawo ruwa.

Sai maganar Balto da Togo, waɗanda duk wanda ya yi kare a jihar nan sai an ambata masa su. A Janairun 1925 cutar mashaƙo ta ɓarke a garin Nome, teku ta daskare, jirgin ruwa ba ya zuwa. Aka kawo magani a jirgin ƙasa zuwa Nenana, nan kusa da mu, daga can mutum 20 da karnuka kusan 150 suka yi ta miƙa wa juna shi har kilomita 1,085 cikin kwana 5 da rabi. Balto ne ya ja ayarin ƙarshe ya shiga gari, shi aka yi wa mutum-mutumi a New York. Amma Togo, karen Leonhard Seppala, yana da shekara 12 ya yi tafiya mafi tsawo da haɗari, har da ratsa daskararren ruwan Norton Sound. Wani ya yi noma wani ya ci tuwo. Zuciyata ta kwanta da Togo, sai na tuna ranar da baƙonmu ɗan zangon Lome zai ji ina cewa Togo ya yi kashi a tsakar gida. Na haƙura. Su biyun ma ba Malamut ba ne, ƙananan karnukan Saberiya ne masu gudu.

Akwai sunaye na harshen Inufiyat masu daɗi, kamar Nanuk, wato farin beyar ƙanƙara, da Siku, ƙanƙara. Sai dai in ka kira Nanuk a unguwar nan karnuka uku za su waiwayo, kuma ina jin nauyin aron harshen da ko gaisuwa ban iya da shi ba. Maiɗakina ta ce Ƙiɗmir, sunan da malamai ke ba karen As'habul Kahfi. Na ce ya yi wa wannan nauyi. Wancan ya miƙe ƙafafu a bakin kogo yana tsaron bayin Allah, wannan jiya ya cinye mini safar hannu.

Tsohuwar ta koya mini ƙa'idar masu sana'ar. Suna ya zama gajere, wanda za ka iya furtawa leɓɓanka sun ƙage don sanyi, kuma kada ya yi kama da kalmomin umarni. In ana so karnuka su yi dama "ji" ake cewa, hagu "ho", tsayawa "wo". Nan take Dodo ya faɗi, don ƙarshensa zai rikita shi. Giwa mace ce, Jaura ma haka. Duna na baƙi ne, shi kuma ba baƙi ba. Na tuna tsohon maharbin nan na bayan kasuwarku da ke sa wa karnukansa sunan habaici, yana kiran Ba-ruwanka da ƙarfi duk sanda maƙwabcinsa ya fito. A nan wa zan yi wa habaici? Babu mai ji.

Yanzu dai na fi karkata ga Hunturu. Namiji ne, ya dace da wanda ke kwana a ƙanƙara ya rufe hanci da wutsiya yana minshari. Gaɓa uku ya ɗan yi tsawo, amma 'yarmu ta riga ta mayar da shi Turu. Da na gwada wa tsohuwar sai ta ji Hunter, wato maharbi a Turanci, ta ce suna mai kyau. Ban gyara mata ba.

Ranar 8 ga watan gobe zan kai shi allura, kuma likitan dabbobi zai nemi sunan da zai rubuta a kati. Kafin nan ka bi ta wajen maharbin in yana nan da rai, ka tambaye shi me zai kira kare mai girman ɗan maraƙi da ba ya haushi sai kuka kamar dila. In nasa ya fi nawa zan ɗauka. Ka gaishe mini da Hajiya, ka ce yajin da ta aiko ya kusa ƙarewa.

Naka amini