Wasiƙa Zuwa Ga Aminina a Birmingham Kan Maganar Wasiyya

Assalamu alaikum warahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara. Mutanen gida duk suna gaishe ka, Hajiya kuma kullum tana sa maka albarka.

Dalilin wannan wasiƙa shi ne maganar wasiyya, wadda ka kawar da dariya ranar da muka yi waya, ka ce kai ba attajiri ba ne, kuma Allah ya riga ya raba gado a cikin Suratun Nisa'i. Haƙiƙa ya raba, sai dai a Ingila duk wanda ya rasu bai bar wasiyya ba, dokar ƙasa ce take yi masa rabon. Matarsa za ta ɗauki kayan amfaninsa da fam 322,000 na farko da rabin abin da ya saura, 'ya'ya su raba ɗaya rabin daidai wa daida, iyaye kuwa ba su da ko sisi. Ke nan sudusin da Alƙur'ani ya yanka wa Hajiya ba zai iso hannunta ba sai idan kai ka rubuta shi. Takardar kuma ba ta inganta a wurinsu sai ka sa hannu a gaban shaidu biyu a zama ɗaya, kuma kada ka sa wanda ka yi wa rabo cikin shaidun, domin rabon nasa zai faɗi.

Ka fi ni sanin hadisin Ibn Umar, cewa bai kamata musulmin da yake da abin yin wasiyya ya kwana biyu ba face wasiyyarsa tana rubuce a wurinsa. Da Sa'ad bin Abi Waƙƙas ya nemi ya sadaukar da mafi yawan dukiyarsa, Annabi (SAW) ya tsayar da shi a kan sulusi, ya nuna masa cewa barin magada cikin wadata ya fi barin su suna roƙon mutane. A cikin wannan sulusin ne nake so ka tuna da marayun da yayanka ya bari, waɗanda kake biya wa kuɗin makaranta, domin muddin kana da ɗa namiji ba za su gaje ka ba, kuma ba lalle ne wanda zai zo bayanka ya ɗauki nauyinsu yadda ka ɗauka ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne filin nan na Kano da aka saya maka da sunan ƙanenka. Ban ce ba mai amana ba ne, amma shi ma rai gare shi, kuma idan ya riga ka tafiya, 'ya'yansa takarda za su duba. Na zauna a wani rabon gado a unguwarmu inda wani dattijo ya rantse yana bin mamaci kuɗin buhunan shinkafa, aka ɗauko littafin kanti aka bi shafi bayan shafi ba a ga komai ba, matan mamacin suna cikin takaba suna jiyo hayaniyar daga soro. Har yau gidajen biyu ba sa gaisawa. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma sai an biya bashi ake zartar da wasiyya, sannan a raba gado.

Idan kuwa kana da niyyar yi wa wani kyautar gida ko fili, ka damƙa masa tun kana raye, domin a mazhabar Malikiyya kyautar da ba a karɓa ba har mai ita ya rasu komawa take cikin gado.

Shawarata ita ce ka nemi lauya a can wanda ya san rabon gadon Musulunci, ni kuma a nan zan haɗa ka da malami da lauya a kan filin, tunda fili yana bin dokar ƙasar da yake cikinta. Ka sa su lura kada tsakanin takardar wasiyyar can da ta nan wata ta soke 'yar'uwarta. Kafin nan, ka aiko mini da jerin waɗanda kake bi da waɗanda suke bin ka a nan gida, kuma ka sanar da uwargida inda za ka ajiye takardun.

Allah ya ƙara mana lafiya da nisan kwana. Ka gaishe mini da yara.

Naka amini,
daga Kano.