Wasiƙa daga Garwa zuwa ga aminina a Njamena

Assalamu alaikum, Dogo.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara. Mu nan Garwa alhamdu lillahi, sai zafi, Binuwai ya janye har yashi ya fito.

Na ga saƙonka. Ka ce yaran unguwarku sun roƙe ka ka riƙa koya musu ƙwallon kwando, ka ƙi, wai kai ba ka taɓa yin suna ba, a benci ka ƙare. Wallahi maganar nan ta tsaya mini a rai, shi ya sa na ce bari in kawo maka zancen Ime Udoka, ɗan ƙwallon kwando da bai yi suna a fili ba amma ya zama babban koci.

An haife shi a Portland ta Amurka a 1977, mahaifinsa ɗan Akwa Ibom ne a Najeriya. Da ya gama jami'a a 2000, ko ƙungiya ɗaya ta NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ba ta zaɓe shi ba. Ya yi ta fama a ƙananan gasanni, ya buga a Sifen da Faransa, Lakers da Knicks suka gwada shi suka sallame shi. Sai da ya doshi shekara 30 ya samu gindin zama a ƙungiyar garinsu, sannan San Antonio Spurs ta ɗauke shi a 2007. Ba yawan jefa ƙwallo ya kai shi can ba, tsaro ne: a ba shi ɗan wasan da ya fi kowa haɗari, ya manne masa, ya hana shi sakat. Ya kuma buga wa Najeriya, suka ci tagulla a gasar Afirka a 2005 da 2011.

Da ya ajiye wasa a 2012, Gregg Popovich, kocin Spurs a lokacin, ya jawo shi mataimaki. Shekara 7 ya yi a gefensa, da shi aka ci kofin NBA a 2014. Ya wuce Philadelphia, inda ya yi aiki da Embiid, ɗan wasan nan namu na Kamaru, sai Brooklyn. Boston ta damƙa masa ƙungiya a 2021. A watan Janairu sun ci wasa 18, an ci su 21, ana ta surutu. Bai sassauta wa taurarinsa ba, ya tilasta kowa ya yi tsaro, suka gama kakar da nasara 51, har wasan ƙarshe, inda Golden State ta doke su.

Ba zan ɓoye maka ba, Boston ta dakatar da shi kaka guda saboda karya dokar ƙungiya, kuma wannan ba abin koyi ba ne. Amma da Houston ta ɗauke shi a 2023, ƙungiyar da ta ci wasa 22 ta koma 41, sannan 52.

Wanda ya daɗe a benci yana ganin abin da na cikin fili ba ya gani. Kai ne daga bencin nan kake yi mana ihu mu durƙusa, mu buɗe hannu, mu kalli ƙugun mutum, kada ƙwallo ta ruɗe mu. Har yau da kalamanka nake koya wa yaran lise, wato sakandare, a nan.

Don Allah ka kira yaran nan ka amsa musu. Zan ba wani direban Kuseri ƙwallaye da raga ya kawo maka bayan salla, ka turo mini lambar wanda zai karɓa a tasha. Ka gaida Inna, ka ce ina neman addu'arta.

Naka,
amininka na Garwa