Buhun Shinkafa Ba Ya Riƙe Katanga

Assalamu alaikum Malam Edita,

Shirinku na daren Talata ya ɓata mini rai, musamman baƙon nan naku da ya dinga nanata cewa talakawa ne ba sa bin ƙa'idar gini, shi ya sa gidajensu ke zubewa da damina. Mai gabatarwa kuma ya ƙyale shi, ko sau ɗaya bai tambaye shi ina kuɗin ambaliya ke tafiya ba.

Ni magini ne a ƙasar Hadeja, sana'ar da na gada ke nan. Wace ƙa'ida yake nufi? Kundin ƙa'idojin gini na ƙasa da aka fitar tun 2006? To ya zo Auyo ko Kafin Hausa ya ga ko akwai wanda aka taɓa yi wa bayaninsa da Hausa. Ko an yi ma, da me mutum zai bi ƙa'idar alhali a 2025 ma buhun siminti na neman naira dubu goma?

Ginin ƙasa daga gindi yake mutuwa. Ruwa ya kwanta a jikin katanga, tubali ya sha ya koma taɓo, nauyin azara da rufi ya danno, cikin dare ɗaki ya zauna a kan masu barci. Maganin kuwa kowane magini ya san shi: a ɗaga tushe da dutse ko bulo layi huɗu ko biyar, a shimfiɗa leda kafin a ɗora tubali, a yaɓe gindin da siminti, a sa indararo dogo da zai watsa ruwa nesa da bango. A ambaliyar 2022, wadda ta ci rayuka sama da 600 a faɗin Najeriya, na gani da idona a unguwarmu. Ɗakunan da muka yi wa irin wannan tushe, ruwa ya zo ya wuce suna nan tsaye. Na gwaggona da ke kusa da su, ƙasa zalla, ya rufta; Allah ya sa mun fito da ita da jikokinta tun da yamma. Da ruwa ya janye aka kawo mata shinkafa da tabarma da bargo, aka ɗauki hotonta. Ta yi godiya, sannan ta sake tayar da ɗakin da ƙasar nan da ta narke, a wurin da yake, don iya abin da hannunta ya kai ke nan.

Ban ce tushen bulo zai tare ruwa irin na Maiduguri lokacin da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024 ba, ko irin na Mokwa a Mayun 2025. Wannan sai gyaran madatsa da sauya wa mutane matsuguni. Amma ɗakunan da nake zuwa in tarar a ƙasa duk shekara, ruwan da bai kai gwiwa ba ne ke kayar da su.

Tun 1981 akwai asusun kula da muhalli. A 2024 gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 3 ga kowace jiha saboda ambaliya. Hukumar NIHSA mai hasashen ambaliya kuma duk shekara tana bayyana ƙananan hukumomin da ruwa zai iya ci, ke nan an san wuraren tun kafin hadari ya haɗo. Me ya hana a ware wani kaso tun da rani, a raba siminti da bulo maimakon kuɗi a hannu, a fara da gidajen tsofaffi da na marayu, a sa maginan gari su yi aikin? Tambayar da ya kamata ku yi wa baƙon naku ke nan. Wallahi mun gaji da ihu bayan hari.

Sai kuma layin wayarku. Na yi ta kira har shirin ya ƙare ba a ɗauka ba, saƙonnin Facebook kawai kuka karanta. Mutanen da ɗakunansu ke rushewa ƙaramar waya gare su, ba su da intanet. Ku gyara layin, kuma in za ku sake shirin ku gayyato magini ya zauna kusa da baƙon naku.

Naku mai sauraro,
wani magini daga Hadeja, jihar Jigawa