Darasin kimiyya na nan a bakin fadama

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ranka ya daɗe na saurari shirinku na kimiyya na ranar Lahadi inda malamin da kuka gayyato ya yi bayanin ƙwayar halitta, wato sel, da yadda wani Bature Robert Hooke ya fara hango ta a ɓawon itace a 1665. Bayanin ya yi daɗi wallahi, amma ni abin da ya tsaya min a rai shi ne har aka gama shirin ba a kawo misali ko ɗaya daga nan gida ba, alhali mu nan yankin Nguru darasin na nan a ƙofar gidanmu kullum muna kallonsa muna tsaki.

Kacalla nake nufi. Ciyawar nan da ta cinye mana fadama. Ni malamin bayoloji ne a wata sakandare, madubin likita guda ɗaya muke da shi shi ma sai a hankali, yara sun haddace zanen sel ɗin albasa tsaf amma yawancinsu ba su taɓa ganinsa da idonsu ba. To ran nan sai na sa suka yanko kacalla muka tsaga ganyen, ciki duk ramuka ne ƙanana kamar soso, ba ka ma buƙatar madubi. Ta waɗannan ramukan take tura iska har can saiwarta da ke cikin taɓo inda babu oksijin, shi ya sa idan aka yanke ta a ƙarƙashin ruwa sai ta shaƙe ta ruɓe, in kuwa a sama aka yanke bayan sati biyu ta dawo tana yi maka dariya. Manomanmu sun daɗe da sanin wannan, dalilin ne kawai ba a taɓa haɗa musu da littafi ba.

Kuma ai ba haka kawai ta yi yawa ba. Da can ruwan kogin Haɗeja da na Jama'are yakan zo da damina ya malala, da rani ya janye ƙasa ta bushe. Da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 sannan na Challawa a 1992 sai ruwan ya koma yana zuwa kaɗan kaɗan ba yankewa duk tsawon shekara, ita kuma kacalla abin da take so kenan, ƙafarta a ruwa rani da damina. Ta toshe hanyoyin ruwa, wani wajen ambaliya wani wajen ko ɗigo babu, masunta kwalekwale ba ya wucewa, ga tsuntsun nan jan baki ya samu masauki a cikinta yana fitowa ya share wa mutum shinkafa da gero. Ba wai ina zagin dam ba ne fa, Kano ma da shi take shan ruwa take noman rani, amma dai a faɗa wa yara abin da ya jawo.

Ruwan nan dai shi ne ke bi ta Gashuwa ya zama kogin Yobe ya nufi tafkin Chadi, kuma a kansa tsuntsaye ke sauka a Dagona daga Turai lokacin sanyi. Da na faɗa wa ɗalibaina haka wani ya ce Malam ashe tsuntsun ma ya fi mu yawo, aji ya fashe da dariya.

Don Allah in za ku sake shirin ku aiko wakilinku nan, a haɗa malamin jami'a da masunci ɗaya da manomi ɗaya a bakin ruwa su yi magana da Hausa. Kwalekwalen shiga fadamar ni zan nemo muku.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Wani malamin sakandare, Nguru, jihar Yobe