Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Kafin Ranar Gasa

Assalamu alaikum ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ƙanwarka ta faɗa mini abin da ka hana ta faɗa, kuma kada ka ga laifinta. Ta ce tun da aka sa ranar gasar tserenku barci ya ƙaurace wa idonka, har wani abokin atisayenka ya ba ka ƙwaya wai don hankalinka ya kwanta, kai kuma ka karɓa.

Na san halinka tun kana ƙarami. Kai mai zurfin ciki ne, mai son komai ya fito daidai, wanda kuskure ɗaya kan hana shi sakat har mako guda. Mai irin wannan hali shi ya fi shan faɗuwar gaba idan gasa ta matso, domin tun kafin a jeru a layi ya riga ya yi tseren sau goma a zuciyarsa, ya kuma sha kaye a tara. Mai fara'a da son jama'a kuwa, ihun 'yan kallo ƙara masa kuzari yake yi. Kana ganin Usain Bolt yana raha a gaban kyamara kamar ba shi zai yi gudun ba, amma shi ma a birnin Daegu na Koriya ta Kudu a 2011 ya zabura kafin a harba bindiga, aka fitar da shi daga tseren ƙarshe na mita 100. Masanin halayyar 'yan wasa Yuri Hanin ya nuna cewa kowane ɗan wasa da gwargwadon fargabar da ta dace da shi: wani sai yana natse yake taɓuka abin kirki, wani sai zuciyarsa tana dukan uku-uku. Bugun ƙirjin nan da gumin tafin hannu, jiki ne yake shirin gudu.

Ƙwayar nan ce ta hana ni barci. Ka san abin da ke cikinta? Tun daga Janairun 2024 hukumar WADA mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasannin duniya ta haramta tiramadol a lokacin gasa, kuma idan aka gwada fitsarinka ba wanda zai tambayi sunan abokin da ya ba ka. Dakatarwa ma da sauƙi a wurina. Abin da nake tsoro shi ne ranar da ba za ka iya tsayawa a layi ba sai da ita. Da hankalinka, da tarbiyyar da ka samu, ka miƙa hannu ka karɓa?

Na san za ka tuna ranar da ka zo na biyu na ƙi yi maka magana. Na yi ne don na ga kana da abin da ya fi haka, amma da na san shirun zai zauna maka a rai har yau, da na yi maka barka.

Ka kai ƙwayar wurin likitan ƙungiyarku, ka faɗa masa gaskiyar yadda kake kwana. Daren jajibirin gasa kuma ka kira ni komai dare, mahaifiyarka ma tana son jin muryarka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.